Christy Mathewson, Gwanin Jifa Da Ya Riƙe Alkawarin Mahaifiyarsa

Abin karantawa: Zabura 15 da Matiyu 5:33-37

 A wannan fitowa za mu dubi rayuwar wani ɗan wasa na ƙasar Amurka mai suna Christy Mathewson, wanda ya bar duniya tun shekara ta 1925. Wasan da ya yi suna a kansa baƙo ne a wurinmu. Mu a Garwa da Marwa da Ngaundere ƙwallon ƙafa muka sani, kowa kuwa ya san yadda gari yake ɗauka ranar da Coton Sport take wasa a filin Roumdé Adjia. Amma jarabar da ke bin ɗan wasa iri ɗaya ce a kowace ƙasa: yabon mutane, kuɗi, da 'yan caca masu neman sayen sakamakon wasa tun ba a shiga fili ba. Mutumin nan ya sadu da dukansu.

Sunan wasan besbol. Kowace ƙungiya tana da mutum tara. Ɗaya yakan tsaya a kan ɗan tudu a tsakiyar fili, ya jefa wata ƙwallo mai tauri wadda girmanta bai wuce na lemon zaƙi ba, zuwa wurin abokin hamayya da ke tsaye da sanda, nisan mita 18 da 'yan kai. Mai sanda yana so ya maka ƙwallon can nesa, ya sheƙa a guje ya zagaya tashoshi huɗu ya komo inda ya tashi, wannan shi ne ci ɗaya. Mai jifa kuwa yana so ya sa shi ya kuskure har sau uku, ya fita. In jifan ya kauce wa inda aka ƙayyade sau huɗu, sai a ba mai sanda tasha ta fari kyauta. Haka ƙungiyoyin biyu za su yi ta karɓeɓeniya har zagaye tara. Kun ga ke nan rabin wasan a hannun mai jifa yake. In shi mai gaskiya ne, abokansa sun huta. In kuwa an saye shi, wahalar sauran mutum takwas ta zama banza.

An haifi Christopher Mathewson ran 12 ga Agusta 1880 a wani ƙaramin gari mai suna Factoryville, cikin jihar Pennsylvania. Sunan mahaifinsa Gilbert, mahaifiyarsa kuwa Minerva, 'yan ikkilisiyar Baftis ne. Burin uwar shi ne ɗanta ya zama mai wa'azi. Ya yi makarantar Keystone a garinsu, daga nan ya wuce jami'ar Bucknell a Lewisburg, wadda ita ma 'yan Baftis ne suka kafa ta. Yaro ne dogo, mai kaifin kai, har 'yan ajinsu suka zaɓe shi shugaba. Amma tun yana shekara 14 manyan garin suke sa shi cikin wasansu saboda ƙarfin hannunsa, hannun nan kuwa shi ya ja shi ya bar hanyar da uwarsa ta zana masa.

Sai mu gane abin da ya sa hankalin Minerva ya tashi. A zamanin nan 'yan besbol ba su da mutunci a idon masu zuwa sujada. An san yawancinsu da shan giya, da ashar, da dambe a fili, da caca a masauki. Iyaye masu tsoron Allah ba su so 'yarsu ta auri ɗan wasa. Da ta ga ba ta iya hana shi ba, sai ta nemi abu guda a wurinsa: kada ya yi jifa ranar Lahadi. Ya yi mata alkawari. Bai tsaya gaban taro ya yi rantsuwa ba, ba a kuma rubuta kome a takarda ba. Magana ce tsakanin ɗa da uwarsa.

Farkon aikinsa ba daɗi. A 1899 ya yi wa wata ƙaramar ƙungiya wasa a Taunton. A 1900 ya koma Norfolk, inda ya ci wasa 20 aka cinye shi 2 kaɗai, sai babbar ƙungiyar New York Giants ta ɗauke shi a kan dala 1,500. Da ya isa birni abin ya gagara. Bai ci ko wasa ɗaya ba, aka cinye shi sau 3, masu ƙungiyar suka mai da shi Norfolk kamar kayan da aka saya aka ga aibinsa. Cincinnati ta ɗauke shi a kan dala 100, nan da nan kuma ta miƙa shi ga Giants ɗin a musanya da wani tsohon gwani, Amos Rusie, wanda hannunsa ya riga ya mutu. Rusie bai ƙara cin wasa ko ɗaya ba. Yaron da aka sayar dala 100 kuwa ya ci wasa 20 a 1901, a cikinsu har da na ran 15 ga Yuli, inda 'yan St. Louis suka yi zagaye tara ba wanda ya sami bugu mai kai shi tasha.

A tsakiyar 1902 aka kawo wa Giants sabon mai horarwa, John McGraw, gajeren mutum mai zafin rai da ɗanyen baki, wanda alƙalan wasa suka gaji da korarsa daga fili. Kowa ya zaci shi da Mathewson ba za su sha inuwa ɗaya ba. Abin mamaki sai suka zama aminai. A 1903, bayan Mathewson ya auri Jane Stoughton, 'yar Lewisburg mai koyarwa a makarantar Lahadi, iyalan biyu suka kama gida ɗaya a New York suna raba kuɗin haya da na cefane. Akwai abin lura a nan ga masu bi da ke zaune cikin maƙwabta da abokan aiki waɗanda halinsu ya sha bamban da nasu. Mathewson bai guje wa McGraw ba, bai kuwa koyi bakinsa ba. McGraw ma, duk da son nasararsa, ya tsara jerin masu jifansa yadda ranar Lahadi ba za ta faɗo kan abokinsa ba.

Daga nan suna ya zo. Ya ci wasa 30 a 1903, 33 a 1904, 31 a 1905. Yana da wani irin jifa da yake murɗa wuyan hannu a baibai, ƙwallon ta taho kamar za ta bi gefe ɗaya sai ta karkace ta bi ɗayan. Jifan yana cin hannu ƙwarai, saboda haka yakan ajiye shi sai inda wasa ya yi tsanani. Amma babbar baiwarsa ita ce saiti. A 1913 ya yi zagaye 68 a jere bai ba kowa tasha kyauta ba.

Abin da har yau ake tunawa da shi ya faru a watan Oktoba 1905, a gasar ƙarshe ta shekara wadda suke kira World Series, tsakanin Giants da Philadelphia Athletics. Ya yi jifa ran Litinin 9 ga wata, suka ci 3 da 0. Ya koma ran Alhamis 12 ga wata, suka ci 9 da 0. Bayan hutun kwana ɗaya tak ya sake hawa tudun ran Asabar 14 ga wata, suka ci 2 da 0, suka ɗauki kofi. Zagaye 27 ke nan cikin kwana shida, ba a ci shi ko sau ɗaya ba, mutum ɗaya kaɗai ya ba tasha kyauta. Fiye da shekara 100 ta wuce, ba a sami wanda ya maimaita wannan ba. Yana da shekara 25 a lokacin. Jaridu suka sa masa laƙabi mai ma'anar Kirista mai mutunci, malaman makarantar Lahadi suka riƙa ba yara misali da shi, iyayen da dā suke hana 'ya'yansu zuwa kallo suka fara sassautawa.

To, gaskiya ita ce laƙabin ya fi mutumin haske, matarsa Jane da kanta ba ta son yadda ake mai da shi kamar mala'ika. Yana shan taba. Yana buga karta a kan kuɗi. Gwani ne na dara irin ta Turawa, ba ya kuwa son a cinye shi a kome. A wannan shekara ta 1905 ɗin, da rikici ya ɓarke a fili a Philadelphia, ya kai wa wani yaro mai tallar lemo naushi a baki, abin kunya da masoyansa suka so a manta. Littafi Mai Tsarki bai ɓoye mana zunubin Dawuda ko musun Bitrus ba, mu ma ba mu da dalilin shafa wa wannan mutum farar ƙasa.

Ko alkawarin Lahadin ma sai mu auna shi da mudun gaskiya. A shekarun nan dokar jihohin New York da Pennsylvania da Massachusetts ta hana wasan kuɗi ranar Lahadi, New York ba ta ɗage dokar ba sai 1919. Saboda haka a gida ba wanda zai nemi ya yi jifa a ranar. Sai an yi tafiya yamma, zuwa Chicago ko St. Louis ko Cincinnati, inda ranar Lahadi ce filin ya fi cika, nan ne alkawarin yake da tsada. A can babu mahaifiyarsa, babu fastonsa, taro yana so ya ga gwanin da ya biya kuɗi dominsa, ƙungiya tana bukatar nasara. Shekara bayan shekara, har 16, ya bar wa wani tudun a wannan rana. Ƙaramin abu ne in an kwatanta da abin da waɗansu masu bi suke jimrewa saboda sunan Yesu. Amma Zabura 15 tana lissafa mutumin da ke cika maganarsa ko da za ta jawo masa hasara cikin waɗanda za su zauna kusa da Ubangiji, a Matiyu 5 kuma Yesu ya koya wa almajiransa su zama mutanen da amincewarsu da ƙinsu ba su bukatar rantsuwa ta tokare su. Irin wannan hali a ƙananan al'amura ake koyonsa, kamar yadda ɗan koyo yake fara ɗinki da tsumma kafin a ba shi shadda.

Shekarun da suka biyo baya sun haɗa zuma da maɗaci. A 1906 ciwon mashaƙo ya kusa kashe shi, a shekarar ce kuma aka haifa masa ɗansa tilo. A 1908 ya ci wasa 37, amma a wasan da zai raba gardama da Chicago ran 8 ga Oktoba hannunsa ya gaji, aka cinye su 4 da 2. Wata uku bayan haka, a Janairu 1909, ƙanensa Nicholas, saurayi ɗan shekara 19, ya kashe kansa a gida a Factoryville. Giants ta kai gasar ƙarshe a 1911 da 1912 da 1913, duka uku aka cinye ta. Ta 1912 ta fi ciwo. A wasan ƙarshe da Boston, ran 16 ga Oktoba, suna gaba da ci ɗaya a zagaye na goma, sai wani abokin wasansa, Fred Snodgrass, ya saki ƙwallo mai sauƙin kamu. Jim kaɗan wata ƙwallon ta tashi sama kusa da tasha ta fari, Mathewson ya kira wanda ya fi nisa ya kama ta, ta faɗi a tsakaninsu. Aka cinye su 3 da 2. Jama'a suka ɗora laifin duka a kan Snodgrass, har da ya mutu a 1974 yana da shekara 86 wata babbar jaridar New York ta sa wannan kuskure a kanun labarin mutuwarsa. Haka duniya take riƙe laifi, shekara 62 ba ta yafe ba.

A Yuli 1916 hannun Mathewson ya ƙare. McGraw ya sallame shi zuwa Cincinnati domin ya zama mai horarwa. Ya yi jifansa na ƙarshe ran 4 ga Satumba, ya rufe da nasara 373, aka cinye shi 188. A matsayin mai horarwa kuwa yakan zauna tare da 'yan wasansa ko da ranar Lahadi ce. Ran Lahadi 19 ga Agusta 1917 ƙungiyarsa ta yi wasa da Giants a New York don tara wa iyalan sojoji taimako, aka gurfanar da shi da McGraw gaban alƙali saboda karya dokar Lahadi, alƙali ya sallame su. Waɗansu za su ce ya sassauta. Waɗansu za su ce abin da ya alkawarta shi ne ba zai yi jifa ba, bai kuwa yi ba. Manzo Bulus a Romawa 14 ya hana mu yanke wa juna hukunci a kan ranaku, sai mu bar wannan a nan.

Gwaji mafi girma a Cincinnati ya same shi. Cikin 'yan wasansa akwai Hal Chase, gwani ƙwarai, mai fara'a, wanda shekaru da yawa ake raɗe-raɗin yana sayar da wasa ga 'yan caca. Dabararsa ba ta da wuya: ya makara taki ɗaya wajen kamu, ko ya jefa wa abokinsa ƙwallo ta ɗan kauce, kuskuren ya zama kamar na wani. Masu ƙungiyoyi sun sani, amma suna tsoron abin kunya zai kore 'yan kallo, sai su sayar da shi ga wata ƙungiya su yi shiru. Wani matashin mai jifa, Jimmy Ring, ya zo ya gaya wa Mathewson cewa Chase ya yi masa tayin kuɗi don ya bari a cinye su. A watan Agusta 1918 Mathewson ya dakatar da Chase, aka kai maganar gaban hukumar gasar. Ya yi abin da manya da yawa suka ƙi yi.

Kafin a zauna shari'ar, Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɗauke shi. Yaƙin nan ne ya taɓa ƙasarmu ma, gama a Yuni 1915 sojojin Ingila da Faransa suka ƙwace Garwa daga hannun Jamusawa. Mathewson yana da shekara 38, ba wanda ya tilasta masa, amma ya shiga soja da muƙamin kyaftin a sashen da ke koya wa sojoji kare kai daga iskar guba, tare da waɗansu sanannun 'yan besbol irin su Ty Cobb da Branch Rickey. A Faransa ya kamu da murar nan da ta kashe miliyoyin mutane a 1918. Cobb kuma ya ba da labari daga baya cewa a wani atisaye cikin rufaffen ɗaki an saki iskar guba kafin waɗansunsu su gama sa abin rufe fuska, Mathewson yana cikinsu.

Yana can Faransa aka zauna shari'ar Chase a ƙarshen Janairu 1919. Babban mai shaida ba ya nan, sai takardarsa. Shugaban hukumar, John Heydler, ya wanke Chase. Da Mathewson ya komo gida ya tarar an ba wani aikinsa a Cincinnati. McGraw ya ɗauke shi mataimaki a Giants, to, ga abin takaici: McGraw ɗin ya riga ya ɗauki Hal Chase. Mutumin da ya tona asiri da wanda aka tona, suna sa riga iri ɗaya, suna zama a benci ɗaya kusan shekara guda. Wanda ya taɓa faɗin gaskiya a wurin aiki, ko a kwamitin kuɗi na ikkilisiya, ko a ƙungiyar manoman auduga, ya ga an wanke mai laifi shi kuwa an bar shi da kunya, ya san ɗacin wannan zama. Bai janye maganarsa ba, bai kuma nemi sulhun ƙarya ba.

A Oktoba na wannan shekara ruɓar ta fito fili. Cincinnati, ƙungiyar da shi ya yi wahalar ginawa, ta kai gasar ƙarshe da Chicago White Sox, waɗanda kowa ya san sun fi ta ƙarfi. Mathewson ya zauna a wurin 'yan jarida kusa da wani marubuci mai suna Hugh Fullerton. Duk sa'ad da ya ga wani motsi da ƙwararren ɗan wasa ba zai yi da gangan ba sai an biya shi, sai su yi wa wurin da'ira a takardar lissafin wasa. Cincinnati ta ci wasa 5, Chicago 3. Da son zuciya yake bi, da ya yi murna da nasarar tsoffin yaransa ya rufe ido. Fullerton ya rubuta abin da suka gani, aka yi masa ba'a, aka ce yana ɓata sunan wasa. A 1920 waɗansu 'yan Chicago suka amsa cewa sun karɓi kuɗin 'yan caca. Kotu ta sallame su a 1921, amma sabon shugaban wasan, alƙali Landis, ya kori mutum takwas har iyakar ransu. Chase ma bai sake wasa a babbar gasa ba bayan 1919.

Samarinmu masu sa kuɗi a kan wasanni ta wayar hannu, ku lura da wannan. Dubban mutanen da suka sa kuɗinsu a kan Chicago a 1919 sun zaci sun san wasa, ashe an riga an gama cinikin a ɗakin otal.

Mathewson bai daɗe yana ganin gyaran ba. Tari ya kama shi ya ƙi saki, a 1920 likitoci suka ce tarin fuka ne, cutar da ta riga ta kashe ƙanensa Henry a 1917. A lokacin ba a sami maganinta ba tukuna, sai bayan 1940. Yau kam ana warkewa da maganin wata shida, don haka wanda tarinsa ya wuce mako biyu ya tafi asibiti, kada ya tsaya jiƙe-jiƙe. Shi kuwa abin da aka iya yi masa shi ne a kai shi Saranac Lake, wani gari a kan duwatsu a arewacin jihar New York, inda masu wannan cuta suke kwanciya a baranda suna shaƙar iska mai sanyi. Mutumin da dā dubbai suke tashi tsaye dominsa ya yi watanni a kwance, ba a yarda ya ɗaga murya ba. Jane tana gefensa. Da ya ɗan sami sauƙi ya riƙa fita yana nazarin furannin jeji yana buga dararsa.

A 1923 ya karɓi shugabancin ƙungiyar Boston Braves, aikin da ya fi ƙarfin huhunsa. Cutar ta komo. Ya rasu a Saranac Lake ran 7 ga Oktoba 1925, yana da shekara 45, a ranar da aka buɗe gasar ƙarshe ta wannan shekara tsakanin Pittsburgh da Washington. Kashegari 'yan wasan ƙungiyoyin biyu suka fito da baƙin ƙyalle a damtse. McGraw ya bar kallon gasar ya tafi ya ɗauki gawar abokinsa tare da sauran masu ɗauka. Aka binne shi a Lewisburg, kusa da jami'arsa. A 1936, da aka zaɓi mutum biyar na fari da za a sa sunansu a zauren tunawa da gwanayen wasan a Cooperstown, aka sa shi tare da Ty Cobb da Babe Ruth da Honus Wagner da Walter Johnson, shi kaɗai ne ba ya da rai a cikinsu. Jane ba ta sake aure ba. Ta rasu a 1967, aka binne ta kusa da shi.